Ƙarfe Huɗu a Kan Mita Arba'in

"Ni ban yi miki dole ba," in ji Umma. "Ban taɓa yi miki dole a kan komai ba, Auta, ba kuma yau zan fara ba. Magana ɗaya na faɗa, ita zan maimaita. Yaron can ba zai zama surukina ba ina numfashi."

Auta tana zaune a ƙasa kusa da ƙafar kujera, takardun jarrabawar ɗalibanta a cinya, jan biro a hannu. Shekararta ashirin da takwas, malamar kimiyya ce a sakandare, ajin da ya fi kowanne taurin kai yakan yi tsit idan ta shiga. Amma duk ranar da Umma ta yi wannan muryar, sai ta ji ta koma ƙaramar yarinya.

"Umma, ba shi ya kashe Yaya ba."

"Da bakinsa ya faɗa. A barandar asibiti, ina tsaye, babanki yana tsaye. Ya ce shi ya ce a ɗaga ƙarfen. Ko sharri nake masa?"

Umma ta juya wajen Baba. Baba yana can kusurwar falo, jarida ta rufe masa fuska. Shekara talatin ya yi yana hawa falwaya kafin ya yi ritaya daga aikin lantarki. A da mutum ne mai barkwanci, wanda ba ka cin abinci kusa da shi ba ka ƙware ba. Shekara biyu ke nan ba a ji dariyarsa ba. Bai sauke jaridar ba.

Wata Lahadi da safe abin ya faru. Yaya da amininsa Dogo sun kwashe wata takwas suna haɗa rediyo da hannunsu. Ba irin na jin labarai ba, irin wanda mutum zai yi magana a ji shi a wani gari mai nisa, shi ma ya ji amsa. Dukansu sun ci jarrabawa, an ba su lasisi da lambar kira. Na Dogo suka fara gamawa. Na Yaya saura kaɗan, ɗoki ya sa suka hau rufin gida don kafa dogon ƙarfen da zai riƙe eriya. Ƙarfen ya kauce, ya taɓa babbar wayar wuta da ta bi ta bakin titi. Yaya ne ke riƙe da gindinsa.

Umma tana kasuwa a lokacin, Auta tana gidan wata ƙawarta. Kafin su isa asibiti an riga an rufe masa fuska.

Kafin wannan rana, babu wanda bai san maganar Auta da Dogo ba. Umma da kanta takan ware masa abinci idan bai zo ba, takan ce 'ya'yanta maza biyu ne, guntu da dogo. Tun daga ranar bai sake taka ƙofar gidan ba.

"Mai Kemis ya sake zuwa jiya," Umma ta ci gaba, muryarta ta ɗan sassauta. "Zuwansa na uku ke nan neman aurenki. Mutum mai hankali, ko tari na yi sai ya ji daga shagonsa ya aiko da magani. Na ce ya ba ki lokaci zuwa ƙarshen hutu. In kin ce ba kya so, shi ke nan, wani zai zo. Amma kada ki zauna kina jiran ranar da zan sauko, kina tsufa a banza. Ba zan sauko ba."

Auta ta sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗiga a kan takardar wata yarinya, jan tawadar ya baje.

* * *

Ranar Laraba bayan an tashi, tana wanke kwalaben gwaji a ɗakin kimiyya, ta ji sallama. Tun kafin ta juya ta san mai ita.

Sai da Dogo ya sunkuya kafin ya shigo, kamar yadda yake yi a kowace ƙofa. Ya rame. A hannunsa akwai tsohon gwangwanin biskit da wani littafi mai baƙin bango.

"Ba zama zan yi ba," ya ce. "Kayan yayanki ne. A ɗakina suka rage, don can muke aikin. Na kasa kawowa gida, na kuma kasa zubarwa."

Ya ajiye a kan tebur. Ta buɗe gwangwanin. Wani ɗan allon tagulla ne a ciki, an manna masa ƙananan abubuwa a tsaitsaye, rabi cike, rabi fayau.

"Me ya sa sai yau?"

"Jibi zan tafi. Ofishinmu na hasashen yanayi yana da tasha a kan wani dutse, tafiyar yini biyu daga nan. Babu layin waya, sai motar kaya sau ɗaya a wata. Suna neman mai kula da na'urori."

"Suka tura ka?"

"Ni na roƙa."

Ta dafa tebur. "Ba ka ko tambaye ni ba."

"In na tambaye ki za ki ce in zauna, ni kuma zan zauna." Ya kau da kai wajen taga. "Auta, na ji maganar Mai Kemis. Na san shi, ba shi da aibu. Ki amsa masa."

"Har da kai?"

"Har da ni."

"Kalle ni ka faɗa."

Bai kalle ta ba.

"Shekara biyu ina shiga gida a ce kada in ambaci sunanka, in fito kai ma ka guje ni a hanya," ta ce. "Na yi haƙuri, na ce zafin rashi ne, zai huce. Yanzu ka zo da gwangwani ka ce in auri wani? Ni kayan wanki ce da za ka miƙa wa maƙwabci?"

"Mahaifiyarki ɗa ɗaya ta rasa. Ba zan sa ta rasa 'yarta ba."

"To faɗa min abin da ya faru ranar."

"Abin da na faɗa a asibiti shi ne."

"Ƙarya ne! Kai da ko ƙwan fitila ba ka canzawa sai ka duba makunni sau biyu? Yaya har tsokanarka yake yi, yana ce maka tsohuwa. Kai ne za ka ce a ɗaga ƙarfe kusa da wayar wuta?"

Ya dubi gwangwanin.

"Mun yi alkawari da shi," ya ce can, kamar bai ji tambayar ba. "Duk ranar da nasa ya tashi, zan jira kiransa ƙarfe huɗu na yamma a kan mita arba'in. Har yau nakan kunna nawa ƙarfe huɗu. Na san ba zai kira ba. Hannuna ne ya saba."

Ta goge fuska da bayan hannu, ta jawo gwangwanin gabanta.

"Zan gama shi."

"Auta, ki bar abin nan. Ya isa haka."

"Kayan yayana ne, ka kawo min. Ba ka da sauran ta cewa."

Ya tsaya kamar zai ƙara magana. Sai ya sunkuya, ya fita.

* * *

Mako bakwai ta yi a kansa.

Kullum in ɗalibai sun watse, takan kulle ƙofar ɗakin kimiyya, ta jona ƙarfen narka dalma, ta buɗe littafin Yaya. Komai ya zana: inda kowane transista zai zauna, wayar da za ta bi ta ina. A gefen shafukan kuma ya cika da surutunsa. "Dogo ya ƙona transista na uku, Allah ya shirye shi." A wani shafin: "Auta ta ce abin nan ya yi kama da tarkon ɓera. Za ta gani."

A wannan shafin ta daɗe kafin ta iya juyawa.

Aikin da ya fi ba ta wuya shi ne naɗi. Wasu ƙananan zobba ne, ba su fi zoben yatsa ba, sai an zura siririyar wayar tagulla ta ciki an zagayo, ana ƙirgawa, ba a ƙara ba a rage. Ta ƙone yatsu uku. Ta je ta rubuta jarrabawar lasisi a cikin maza goma sha ɗaya, ta ci, ba ta gaya wa kowa a gida ba.

Wata ranar ta biya shagon Mai Kemis karɓar maganin hawan jinin Umma. Ya ga hannunta lokacin da ta miƙa takarda.

"Wannan ba ƙunar girki ba ce, Malama."

"A'a."

Ya ɗauko man shafawa ya haɗa mata. Mutum ne mai sanyin magana, gashin kansa ya fara ja da baya tun bai kai arba'in ba.

"Na san ba ni ne a ranki ba," ya ce. "Ban zo ƙwace ba. Na ga ƙofa kamar a buɗe, na yi sallama. In an ce min akwai mutum a ciki, zan koma, ba zan daina gaishe da Umma ba." Ya miƙa mata ledar maganin. "Amma akwai abin da ya dame ni, ba ya cikin wannan maganar. Baba. Shekara biyu yana kawo takardar maganin barci, kullum ƙara masa ake yi. Bai kamata in faɗa ba, amma ina tsoro. Ku sa masa ido."

Ta yi godiya ta fito, ta fi jin nauyinsa fiye da da. Da mugu ne, da abin ya fi sauƙi.

A mako na shida ɓangaren ji ya tashi. Ta jefa doguwar waya kan bishiyar da ke bayan taga, ta haɗa batir, sai ƙaramar lasifikar ta fara huci kamar ruwan sama a kan kwano. Ta murɗa a hankali. Ƙarfe huɗu da minti biyu, daga can cikin hucin, wata murya ta taso, siririya, tana zuwa tana komawa. Dogo ne. Ya faɗi lambar kiransa sau uku. Sannan ya faɗi ta Yaya, ya yi shiru yana jira.

Auta ta wawuri makirfo ta danna maɓallin. "Ga ni! Ga ni, ina jin ka!"

Allurar mitar rediyon ba ta motsa ba. Ko kaɗan muryarta ba ta fita ba.

Ya jira minti biyar, ya ce sai gobe, ya kashe.

Kwana tara tana jin sa haka, tana amsawa ba ya ji. Ta bi kowace mahaɗa da idonta, ta sake narka wasu, ta canza transista. Babu. Ana cikin haka aka yi hutu, mai gadi ya karɓi makullin ɗakin kimiyya. Ta sa gwangwanin a ƙasan jakarta, ta rufe da takardu, ta shiga da shi gida.

* * *

Ranar Alhamis Umma ta tafi asibiti ganin likitanta. Auta ta jira ƙarar ƙofar waje, ta baje kayan a kan teburin ɗakinta.

Ba ta yi minti goma ba ta ji motsi a bayanta.

"Wa ke narka dalma a gidan nan?"

Baba ne a bakin ƙofa. Warin ne ya taso shi. Idonsa ya sauka a kan littafin, ya tsaya a nan.

"Baba, don Allah kada ka gaya wa Umma."

Ya shigo, ya zauna a bakin gado, ya zaro tabarau daga aljihu. Ya daɗe yana shafa shafin da babban yatsa.

"Me ya hana shi?"

"Yana ji, ba ya magana."

Ya bi zanen da yatsa, ya leƙa gwangwanin, ya nuna ɗaya daga cikin zobban. "Wannan naɗi nawa kika yi?"

"Ashirin da ɗaya, kamar yadda ya rubuta."

"Bakwai ne wannan, ba ɗaya ba. Haka yake rubuta bakwai tun yana aji ɗaya. Na yi faɗa har na gaji." Ya miƙo hannu. "Ba ni wayar."

Ta cire zoben ta ba shi. Yatsunsa ba su manta aiki ba. Yana zurawa yana ƙirgawa a fili. Da ya kai ashirin muryarsa ta fara karyewa. Da ya kai ashirin da bakwai ya riƙe zoben a tafin hannunsa, ya fashe da kuka irin wanda Auta ba ta taɓa jin namiji ya yi ba.

"Baba! Baba, lafiya?"

"Ni ne, Auta."

"Kai ne me?"

"Ni na ce su ɗaga."

Ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa.

"An ɗauke wuta tun asuba ranar," ya ce. "Yaron nan Dogo ya ce a bari sai an tabbatar, ko kuma a kafa ƙarfen ta ɗaya ɓangaren. Na yi masa dariya. Na ce yaro, ni za ka koya wa wuta? Na ce babban layin ma a kashe yake, na san ranar gyaransu. Ban duba ba. Ban kira kowa ba. Ina tsaye a ƙasa hannuna a ƙugu, na ce ku ɗaga."

"A asibiti fa?"

"Uwarki ta cakumi rigata tana cewa wa ya sa shi, wa ya sa shi. Na buɗe baki, yaron ya riga ni. Daga baya ya same ni a wajen ajiye motoci, ya ce Baba, yau ta rasa ɗa, kada ta rasa miji. Ni kuma na karɓa. Na bar ɗan mutane ya ɗauki kayana."

"Shekara biyu," in ji Auta. Muryarta ta fito a bushe. "Shekara biyu ana zaginsa a falon nan kana bayan jarida. Kana ji ina kuka ta bango. Ka ji ya bar gari, ba ka ce komai ba."

"Ban ce ba."

"Ka ji ana shirin ba da ni ga wani."

"Na ji."

"Me kake so in ce maka yanzu, Baba? In ce ba komai?"

"Kada ki ce." Ya share ido da hannun riga, ya miƙa mata zoben. "Mayar da shi."

Ta mayar, hawaye yana hana ta ganin bakin ƙarfen. Baba ya haɗa wani ɗan ƙwan fitila a inda eriya za ta shiga, ya ce ta danna ta yi magana. Ta danna, ta ce, "Gwaji." Ƙwan ya yi ja, ya mutu da ta yi shiru.

"Ƙarfinsa wat biyar ne," in ji Baba. "Bai kai fitilar firji ba. Amma zai kai."

Su biyu suka ja wayar, daga tagar ɗakinta zuwa bishiyar da ke ƙarshen fili, can nesa da titi. Babu ƙarfe, babu hawa rufi. Duk da haka sai da Baba ya zagaya sau uku yana ɗaga kai sama kafin ya yarda ta ɗaure.

* * *

Saura minti uku ƙarfe huɗu suka ji ƙofar waje. Sannan suka ji salatin Umma daga fili.

Ta shigo ɗakin ko jaka ba ta ajiye ba.

"Wace waya ce wannan? Wa ya ɗaura waya a gidana?" Idonta ya faɗa kan gwangwanin da littafin. "Auta! Ɗaya bai ishe ku ba? So kuke ku ƙarasa ni? Kai kuma kana zaune kana kallo?"

Ta miƙa hannu za ta fizge wayar. A daidai nan lasifikar ta yi huci, muryar Dogo ta taso. Ya faɗi lambarsa. Ya faɗi ta Yaya.

Hannun Umma ya tsaya a sama. Ta san lambar. Wata guda Yaya ya yi yana rera ta a gidan bayan an ba shi.

Auta ta danna maɓallin, ta faɗi tata lambar. "Ina jin ka. Rediyon Yaya ne. Ya tashi."

Ta saki. Huci kawai, har ta ɗauka bai ji ba.

"Auta?" Muryar ta karye. "Auta, ke ce? Sake faɗa."

Baba ya karɓi makirfon daga hannunta.

"Dogo, ni ne."

"Baba? Ina wuni, Baba."

"Ka saurara, kada ka katse ni. Uwarku tana nan tsaye. Zan faɗa mata, ina so ka ji."

"Baba, don Allah a'a. Ba mu kaɗai ba ne a kan layin nan, kowa zai iya ji."

"Su ji."

Ya danne maɓallin, ya juya ya fuskanci matarsa. Ya faɗa mata duka, kamar yadda ya faɗa wa Auta, bai rage dariyar da ya yi wa yaron ba, bai rage hannunsa a ƙugu ba. Da ya gama, yatsansa ya saki maɓallin, makirfon ya faɗi kan gado.

Auta ta matsa kusa da Umma don ta tare ta idan ta faɗi.

Umma ba ta faɗi ba. Ta zauna a kan kujera a hankali, jakarta a cinya.

"Na sani," ta ce.

Baba ya ɗago.

"Tun watan farko na sani. In maganin ya ɗauke ka, kana faɗa a cikin barci. Ku ɗaga, ku ɗaga. Kusan kullum."

"Umma..." in ji Auta.

"To ina zan kai shi?" Umma ta ɗaga murya, hawaye ya ɓalle mata. "Ku gaya min, ina zan ajiye shi? A kan mutumin da nake zuba wa abinci safe da yamma? Wanda na yi shekara talatin da huɗu da shi? Yaron ya miƙo wuyansa, na ɗora masa. Shi yana waje, ba na ganinsa. In na tsane shi, ina iya tashi in dafa abinci, in gaishe da mijina. Na ce in dai ba a faɗa ba, zan iya zama a gidan nan."

"Ni fa, Umma?" Auta ta durƙusa a gabanta. "Kin sani, kika bar ni? Kin sani, kika ce ba zai zama surukinki ba?"

"In ya shigo gidan nan kullum yana gaishe ni, ina kallonsa, ya zan yi in ci gaba da yi wa kaina ƙarya?" Ta kalli Baba. "Ga shi ka faɗa. Ka sauke naka. Ni yanzu ina zan zauna?"

Lasifikar ce kawai ke magana.

"Baba? Auta? Kuna ji na? Me ya faru? Don Allah wani ya yi magana."

Umma ta tashi, ta shiga ɗakinta. Suka ji ana buɗe durowa. Ba a daɗe ba ta fito da ƙaramar akwati, ta wuce su ba ta waiwaya ba.

"Gidan 'yar'uwata zan je. Kada wanda ya biyo ni."

Ƙofar waje ta rufe. Baba yana zaune a bakin gado, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi.

"Auta, kina nan?"

Ta kalli ƙofa, ta kalli gwangwanin. Ta ɗauki makirfon.

"Ina nan. Baba lafiyarsa ƙalau, yana kusa da rediyon, ka yi ta yi masa magana, kada ka bar shi shi kaɗai. Umma ta fita, zan bi ta."

"Ke fa?"

"Ni ban amsa wa kowa ba, ba kuma zan amsa ba. Ka ji ni da kyau?"

"Na ji."

Ta sa makirfon a hannun Baba, ta zura takalmi ta fita da gudu.

* * *

A tashar bas ta same ta, zaune a ƙarshen benci, akwatin a gefen ƙafarta. Auta ta zauna kusa da ita tana haki. Umma ba ta kore ta ba.

Motoci suka yi ta wucewa. Wata mata mai goyo ta kalle su ta kau da kai.

"Ba zan iya kallon fuskarsa ba, Auta," in ji Umma, idonta a kan titi.

"Ki ba shi lokaci, Umma. Shi ma bai huta ba ko kwana ɗaya."

"Ba babanki nake nufi ba." Ta jawo gefen mayafinta ta toshe baki. "Yaron. Da wane ido zan kalle shi?"

Bas ta tsaya, ƙofa ta buɗe. Umma ta miƙe, ta kai hannu ga akwatin, Auta ta riga ta ɗauka.

Umma ta dube ta, ta daɗe. Sannan ta hau, ta matsa can jikin taga, ta bar mata wuri.